Malam Aminu Kano: Daga Majalisar Taɗi ta Bauchi zuwa ranar da aka soke haraji

A unguwar Wuse II ta Abuja akwai wani dogon titi mai lanƙwasa da ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, wanda dubban ma'aikata ke bi safe da yamma tsakanin gida da ofis. Mai sunan bai taɓa zama a wani ofis na wannan birni ba, domin ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, fiye da shekara takwas kafin a dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. Duk da haka, tarihinsa ya shafi mazauna ofisoshin birnin fiye da yadda ake zato. An fi tuna shi a matsayin ɗan adawa mai tsayawa a dandali yana kare talaka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin abubuwan da ya nema wa talakan ba a dandali aka same su ba. Sai da koken ya shiga majalisa, ya shiga ma'aikata, ya zama takarda mai sa hannu, sannan ya sauka a ƙauye. Tafiyar ta ci fiye da shekara talatin, kuma ranar da ta kai gaci ita ce ranar da gidansa na siyasa ya fara tsagewa.

Ɗan gidan shari'a

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a zuriyar Genawa, waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙalin Kano, mahaifiyarsa Rakiya kuwa ita ce ta fara sa shi a hanyar karatun Alƙur'ani. Saboda haka bai taso a matsayin baƙo ga tsarin da daga baya ya yi ta suka ba. Tun yana yaro ya ga yadda ake shigar da ƙara da yadda ake yanke ta, ya kuma ga bambancin da ke tsakanin abin da littattafan fiƙihu suka tanada da abin da ke faruwa idan mai ƙarfi ya sa baki.

Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942 da shaidar malanta. A wancan zamani wannan takarda mabuɗi ce ta aikin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa ke mulki ta hannunta. A hannun En'e 'yan doka suke, da kotunan alƙalai, da gidajen yari, da baitulmali. Ita ce ke tara haraji a kan kowane baligi namiji, da jangali a kan kowace saniya, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Wanda ya kasa biya, a sayar da akuyarsa ko hatsinsa, ko ya tsere ya bar garinsu. Wanda ya yi ƙorafi, ɗan dokan da zai kama shi da alƙalin da zai ɗaure shi da yarin da zai tsare shi duk ma'aikatan hukuma ɗaya ne da wanda yake ƙara.

Bauchi da Maru

Aikinsa na farko shi ne koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuskoki mabambanta. Na farko Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, mai haƙuri da son gyara a hankali daga cikin gida. Na biyu Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, mai kaifin harshe, wanda ya nuna masa cewa za a iya ƙalubalantar zalunci da hujjar addini da tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba sai an ari harshen Turawa ba.

Su ukun suna cikin Majalisar Taɗi ta Bauchi, wani zaure da aka buɗe da amincewar hukuma domin 'yan boko da ma'aikatan En'e su riƙa tattauna al'amuran jama'a. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e, har Aminu ya nemi a bayyana ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarakuna albashi, sai hukuma ta ga abin ya wuce taɗi, aka rufe shi. Aminu da Sa'adu suka koma ga wata ƙungiya wadda ba ta ƙarƙashin kowa. Darasin farko ke nan: zauren da hukuma ta buɗe da hannunta, tana iya rufe shi ranar da ta ga dama.

A 1946 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila a hannun jam'iyyar Leba, yana kallon yadda buƙatun ƙungiyoyin ƙwadago ke zama dokokin ƙasa ta hanyar ƙuri'a da majalisa. Da ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, wadda ke cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko a yankin. Daga nan aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato, wadda yau take cikin Jihar Zamfara, nesa da birane da jaridu. Nisan bai sanyaya shi ba. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, da albashinsa da fanshonsa, ya koma Kano yana ɗan shekara talatin.

Shekarun NEPU

Ranar 8 ga Agusta, 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule. Aminu bai shiga jerin ba saboda a lokacin ma'aikacin gwamnati ne, amma da ya ajiye aiki ya shige ta gaba-gaɗi, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Sanarwar Sawaba, wadda jam'iyyar ta kafu a kanta, ta bayyana matsalar Arewa a matsayin saɓanin maslaha tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, ta kuma ce maganin shi ne talaka ya karɓi ragamar hukuma ta hanyar zaɓe.

Jama'ar NEPU teloli ne da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da manoma. Aminu ya yi musu magana da harshen da suke ji, da aya da hadisi da karin magana, da wasan kwaikwayo, wanda tun yana ɗalibi yake rubutawa. Ya dage a kan ilimin mata da ba su ƙuri'a tun lokacin da faɗin haka ke jawo zagi, kuma a inuwar jam'iyyarsa ce Hajiya Gambo Sawaba ta yi gwagwarmayar da ta sha ɗauri saboda ita.

Zaɓen 1951 ya koya masa darasi na biyu. Zaɓe ne mai hawa-hawa: jama'a su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi wasu, har a kai matakin ƙarshe. NEPU ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e ikon ƙara nata mutane a matakin ƙarshe, kuma da aka kai can jam'iyyar ta tashi a tutar babu. Ba a ƙwace ƙuri'ar kowa da sanda ba. Wani sakin layi ne a cikin ƙa'idar zaɓe ya yi aikin. Daga nan Aminu ya mayar da hankali ga yadda ake rubuta ƙa'idoji, ya riƙa halartar tarurrukan tsarin mulki yana neman zaɓe na kai tsaye da ƙuri'ar sirri. A ƙasa kuwa magoya bayansa suna shan bulala da tara da ɗauri a kotunan alƙalai, sau da yawa a kan yin taro ba izini ko furta kalmar da aka ɗauka cin mutuncin sarauta ce.

A zaɓen tarayya na 1954 ya sha kaye a hannun Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC. Sai a 1959, da aka yi zaɓe na kai tsaye, ya ci kujerar Kano ta Gabas. NEPU ta sami kujeru 8, NPC ta sami 134.

Cikin gwamnati, wajen mulki

Nasarar ta zo da wani ƙulli. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ita kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, wadda tsohon abokin aikinsa na Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ke jagoranta a matsayin Firayim Minista. Sai ga Aminu a Legas yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, har yana cikin tawagar Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali a Arewa jam'iyyar da yake zaune da ita a benci ɗaya ita ce ke riƙe da hukumomin da ke ɗaure mutanensa. Wasu daga cikin mabiyansa ba su ji daɗin wannan zama ba, kuma ba su ɓoye ba. A zaɓen 1964 kujerar ta kuɓuce masa.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya kawo ƙarshen jamhuriya ta farko, aka kuma haramta jam'iyyu. A taron tsarin mulki da aka kira a Legas cikin Satumban shekarar, Aminu yana cikin 'yan Arewa da suka goyi bayan ƙasa ɗaya mai jihohi da yawa. Ranar 27 ga Mayu, 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi goma sha biyu, Kano ta zama jiha, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Ba da jimawa ba aka naɗa fararen hula a majalisar zartarwa ta tarayya: Obafemi Awolowo a kuɗi, Anthony Enahoro a yaɗa labarai, Joseph Tarka a sufuri, Aminu Kano a sadarwa. Ya riƙe wannan ma'aikata, mai kula da gidan waya da tangarahu da tarho, har ƙarshen yaƙin basasa. A 1971, shekarar da annobar kwalara ta yi ɓarna a ƙasar, aka mayar da shi ma'aikatar lafiya, inda ya zauna har 1974.

A cikin waɗannan shekaru ne aka rushe ginshiƙan ikon En'e ɗaya bayan ɗaya. Kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin sashen shari'a na jihohi, gidajen yari suka koma hannun tarayya, 'yan doka aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, kuma a zaɓensu ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Duk waɗannan suna cikin abin da NEPU ta yi shekaru tana nema. Ba ita ta zartar da su ba, domin ta riga ta mutu a hukumance. Sojoji ne suka sa hannu, manyan sakatarori da lauyoyin gwamnati suka tsara. Amma ba don an yi shekara goma sha biyar ana shan ɗauri a kan waɗannan buƙatu ba, da ba su zama abin da kowane mai tsara takarda ya san dole a taɓa ba.

Shekara bakwai yana kwamishinan tarayya, a lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwarara, kuma ya fita kamar yadda ya shiga. Binciken kadarori da gwamnatin Murtala Muhammad ta yi bayan 1975 ya kunyata manyan jami'ai da dama na zamanin Gowon. Aminu ya koma gidansa na Gwammaja, ya ci gaba da karantarwa da tafsiri da karɓar masu koke a zaure.

PRP da jihohi biyu

Da aka ɗage haramcin siyasa a watan Satumba na 1978, Aminu ya fara zama da manyan 'yan siyasar da suka kafa NPN, amma tafiyar ba ta yi nisa ba. Ya fice ya jagoranci kafa PRP, mai alamar mabuɗi, wadda ta haɗa tsofaffin 'yan NEPU da malaman jami'a da 'yan ƙwadago da matasan ma'aikata. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, bayan kotu ta warware taƙaddamar da hukumar zaɓe ta FEDECO ta tayar a kan takardun harajinsa. Ya sami ƙuri'a wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, mafi yawansu daga Kano. Rinjayensa a can ne ya hana Alhaji Shehu Shagari samun kashi ɗaya bisa huɗu a jiha ta goma sha uku, abin da ya haifar da shahararriyar shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, wadda Kotun Ƙoli ta yanke kwanaki kaɗan kafin rantsarwa.

PRP ta sami sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49, ta kuma ci gwamnan Kano da na Kaduna. Muhammadu Abubakar Rimi, ɗan shekara 39, ya hau a Kano; Abdulƙadir Balarabe Musa, akanta, ya hau a Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina. Da hawansu a watan Oktoba na 1979 suka soke haraji da jangali a jihohinsu, wasu jihohin Arewa kuma suka bi sahu. Abin da aka rufe zaure saboda an kusanci zancensa a Bauchi, abin da aka yi wa mutane bulala saboda sun yi ƙorafi a kansa, ya ƙare da sanarwar gwamna. A Kano aka kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, aka kuma mayar da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata a 1980, kafin tarayya ta yi haka.

Santsi da taɓo

Sai dai wanda ya share hanyar ba shi ne ke riƙe da alƙalamin ba. Aminu shugaban jam'iyya ne, ba shi da ofis a gwamnati; gwamnonin kuwa suna da kasafin kuɗi da kwamishinoni da mashawarta da gidajen rediyo. Saɓanin ya fito fili a kan taron da gwamnoni tara na UPN da GNPP da PRP suka riƙa yi a tsakaninsu. Gwamnonin biyu suna ganin ba za a iya tinkarar NPN ba sai da haɗin kan 'yan adawa, musamman ga Balarabe Musa, wanda majalisar jiharsa ke hannun NPN har ta ƙi amince masa da kwamishinoni. Shugabannin jam'iyya kuwa suna ganin taron hanya ce ta miƙa PRP ga Awolowo, kuma ba daidai ba ne wanda jam'iyya ta tsayar ya ƙulla ƙawance ba da izininta ba. Kowane ɓangare ya zargi ɗayan da sayar da aƙida. A 1980 aka kori gwamnonin, suka kafa nasu ɓangaren a ƙarƙashin tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu. Jama'a suka raɗa wa masu bin gwamnoni 'yan santsi, masu bin Malam kuma 'yan taɓo. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam.

Rabuwar ta yi tsada. Ranar 23 ga Yuni, 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Ranar 10 ga Yuli na shekarar tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kuma kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad, a gidansa. Mutanen da suka yi zaman kurkuku tare a zamanin NEPU suka daina gaisawa. Masu yabon Malam suna cewa ya ƙi yarda jam'iyyar talakawa ta zama mallakar masu riƙe da muƙami. Masu sukarsa suna cewa ya kasa sakar wa matasan da ya rena mara a lokacin da suke aiwatar da abin da ya koya musu. Har yau ba a rufe wannan muhawara a Kano ba.

Yana shirin sake tsayawa takara a 1983, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, ajali ya cim masa a gidansa yana da shekara 62. Bayan rasuwarsa Rimi ya ajiye mulki ya tsaya a NPP, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo ya kayar da shi. Wata uku da rantsar da sabuwar gwamnati, ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da jamhuriya ta biyu baki ɗaya.

Abin da ya rage

Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma a nan kabarinsa yake. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa. Bai zama gwamna ba, bai zama shugaban ƙasa ba, kuma sau ɗaya tak ya ci kujerar majalisar dokoki ta tarayya. Amma manomin Ɗambatta ko na Malumfashi da ba ya ɓuya a daji idan lokacin haraji ya zo, da matar da ke bin layi ranar zaɓe, da wanda ake tuhuma da ba a gurfanar da shi gaban ma'aikacin wanda ya kai shi ƙara, duk suna cin moriyar abin da aka fara faɗa a wani ƙaramin zaure a Bauchi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya bi ta teburin wani ma'aikaci kafin ya isa ga jama'a: wani ya tsara daftari, wani ya duba, wani ya kai gaban mai sa hannu. Haka ma sakin layin da ya hana NEPU kujeru a 1951, da takardar tuhumar da ta tayar da Kano a 1981, ma'aikata ne suka rubuta su. Aminu ya zauna a ɓangarorin teburin biyu, ya san nauyin fayil a wajen wanda ke jiran sa a waje, ya kuma bar ofis ba tare da ofis ya canza masa gida ko sutura ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.